Gumi Ɗaya, Girbi Daban-daban: Gayya da Ƙungiyoyin Talakawa a Fadamar Haɗeja

A damunar 2022, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya shanye gonaki daga Ringim har zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, abin da ya raba ruwa da gidajen mutane a wurare da dama jinga ce ta ƙasa da buhunan yashi. Mutanen gari ne suka ɗaga ta da hannuwansu. Da an ji ruwa ya fara ɓula wani gefe, sai a yi shela, a buga waya, samari su fito da shebur da fartanya. Wasu na cika buhu, wasu na ɗaure baki, wasu na miƙawa hannu da hannu har bakin ɓarakar. Malamin makaranta na kusa da ɗan acaɓa, ɗan mai unguwa na karɓar buhu daga hannun ɗan dako, mata na aiko da kunu da ɗumame daga cikin gida. A kan jinga ba a tambayar mutum ɗan wane ne shi, ƙarfin damtsensa kawai ake nema.

Ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Da ruwa ya janye, waɗanda suka haɗa gumi a kan jinga ba su koma gida da hali ɗaya ba. Mai ajiya ya sayi sabon iri da taki da fetur, ya faɗa noman rani, ya mayar da asararsa. Wanda rumbunsa ya ƙare ya je ya durƙusa gaban wancan yana neman bashi, ko ya jinginar masa da gona, ko ya ɗauki jaka ya tafi cin rani. Jinga ta kare dukiyar kowa, sai dai dukiyar ba ɗaya ba ce.

Haka lamarin yake ga kusan duk wata haɗakar talakawa a wannan yanki, daga gayyar noma zuwa adashin mata da ƙungiyar masu ban ruwa. A cikinsu akwai daidaito na gaske, irin wanda ba a samu a fada ko a ofis ko a kasuwa. Amma gona da ruwa da jari, waɗanda su ke yanke wa mutum rabonsa, suna hannun wasu ne a wajen ƙungiyar.

Ƙasa mai albarka, jama'a cikin rashi

Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya gangara gabas. Tun kafin ya iso garin Haɗeja reshen Kafin Hausa ya ɓalle, bayan ya wuce garin kuma ya sake rarrabuwa cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi: ga tsohon kogi, ga Burum Gana, ga Marma mai zuba a tafkin Nguru. Can wajen Gashuwa ruwan ya sadu da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai nufar Tafkin Cadi. Duniya ta san darajar wurin, domin tun shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, Baturiya ta biyo baya a 2008.

A nan ake noma shinkafa da damina, alkama da tumatur da tattasai da albasa da kankana da rani, gero da dawa da riɗi a tudu. Kasuwar kifin Haɗeja ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Mata na saƙa tabarma da kaba, suna turara shinkafa, suna bandar kifi. Makiyaya na gangarowa da shanunsu idan ciyawar tudu ta bushe. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa duk kogi ɗaya ke ciyar da su.

A saman wannan arziki akwai tsohon tsarin sarauta. Masarautar Haɗeja ta yanzu ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, kuma a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gadon sarauta a 2002. Daga sarki sai hakimi, sai dagaci ko bulama, sai mai unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma, amma har gobe bulama ne ya san iyakar gonar kowa, shi ne shaida idan za a sayar ko a jinginar. Bayan sarauta kuma ga sababbin masu ƙarfi: manyan 'yan kasuwa, ma'aikata, 'yan siyasa, masu sayen fadama da kuɗi hannu. A ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ta shekarar 2019, kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa na ƙarƙashin layin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. A cikin wannan rata ne talaka ya koyi jingina da ɗan'uwansa talaka.

Gayya iri biyu

Gayyar da ta fi tsafta ita ce ta karɓa-karɓa. Samari shida ko takwas ko goma, sa'annin juna, masu gonaki kusan girma ɗaya, su yi magana: yau a gonar wane, gobe a ta wane, har a zagayo. Mai gona ya kawo fura ko tuwo da goro. A jera a bakin kunya ɗaya, a tashi tare, wanda ya riga kaiwa ƙarshe ya juyo ya tari na baya. Babu shugaba sai wanda ya fi riƙe lissafin kwanaki. Babu takarda, babu kotu. Wanda ya ci gayyar mutane ya ƙi zuwa tasu, hukuncinsa a san shi da haka, baɗi ba wanda zai neme shi. A ƙauye wannan hukunci ya fi tara ciwo, domin ranar da gini ya faɗi ko shinkafa ta nuna lokaci ɗaya da zuwan tsuntsayen jan baki, mutum ba shi da abin kira sai mutane.

Abin da ke riƙe wannan gayya a tsaye shi ne kowa abu ɗaya ya kawo, abu ɗaya kuma zai karɓa: yinin aiki. Yinin ɗan bulama da na ɗan talaka tsawonsu ɗaya ne. Muddin ma'aunin bai sauya ba, daidaito na nan.

Akwai kuma gayya ta biyu, wadda babban mutum ke kira. Ya yanka dabba, ya kira makaɗa, jama'a su cika gonarsa, a gama a yini ɗaya aikin da zai ci mako uku. Ana ci ana sha ana kirari, amma shi ba zai zo gonar kowa ya rama ba. Waɗanda suka zo sun zo ne don girmamawa, ko don bashin da ke kansu, ko don gudun kada a ce wane bai zo ba. A zamanin da, haka ake nome gandun sarakuna, kuma Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906 bayan shahadar Sarki Muhammadu, sun bi ta hannun masu sarauta wajen tara mutane aikin tilas. Siffar taron ɗaya ce da ta gayyar samari, amma a nan gumi gefe ɗaya yake gangarawa.

Ko gayyar karɓa-karɓar ma ba kowane talaka ke iya shigarta ba. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa akwai manoman da talauci ya hana su noma: a daidai makonnin da gonarsu ke bukatar noman farko, dole su tafi ƙwadago a gonar wani don samun abin da za a dafa da dare. Wannan magana tana nan daram a fadamar Haɗeja. Wanda ba shi da hatsin kwana bakwai a gida ba zai iya ba da yini bakwai kyauta ba, ko da za a rama masa. Saboda haka gayya ta fi zama a hannun masu matsakaicin hali. Mai kuɗi ya bar ta don yana da tarakta da 'yan ƙwadago, mafi talauci kuma ya faɗo daga cikinta don ba shi da abin jira.

Ranar da kogi ya sauya hali

Kafin a gina manyan madatsun ruwa, kogin yana da ƙa'ida. Ya cika da damina, ya malale fadama, ya janye da kaka, ya bushe da bazara. Manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka kammala ta Challawa, domin noman rani a yankin Kadawa da Kura da kuma ruwan sha na birnin Kano. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da makullansu, kuma hedikwatarta na Kano. Filin da ruwa ke malalewa a fadama, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka a shekaru da dama da suka biyo baya. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, suka auna amfanin da ake samu daga ruwan da ya iso fadama, na noma da kifi da itace, suka tarar ya ninka na ruwan da aka tare don aikin noman rani na Kogin Kano sau da yawa. Ba a tambayi mutanen Guri ko Kiri Kasamma ba kafin a tare ruwan.

Ɓarnar da ta fi ta raguwar ruwa ita ce sauyin lokacinsa. Yanzu ana sakin ruwa har da rani, hanyoyin da suka saba bushewa ba sa bushewa. Sai ciyawar kacala ta samu abin da take so. Ta cika rassan kogi, ta tare laka, ta toshe tsohon kogi da Burum Gana da reshen Kafin Hausa, mafi yawan ruwa ya karkata zuwa Marma. Ƙauyukan da ke gefen Marma gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, na wasu rassan kuma suka koma jiran ruwan da ba ya zuwa. A cikin kacalar jan baki ke kwana, sauro ke hayayyafa, kwale-kwale ba ya ratsawa.

Kafin injin yashe ya zo, da kuma bayan ya tafi, hannu ne ke yaƙi da kacala. Ƙauyuka uku ko huɗu da ke kan reshe ɗaya su sa rana. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su yanke ciyawar a ƙarƙashin ruwa don kada ta sake tofowa da wuri, wasu su ja ta zuwa gaɓa da igiya. Ganyenta na yanka fata, ga matsattsaku, ga tsoron maciji, ga tsargiya da ke biyo bayan daɗewa cikin irin wannan ruwa. Dattawa na zaune a gaɓa suna nuna inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi, suna yi wa samari sannu da aiki da fatan Allah ya ba da lada. A shekarun 2000 wani shirin da Birtaniya ta tallafa wa ya taimaka wajen haɗa irin waɗannan ƙauyuka na Jigawa da Yobe a inuwa ɗaya don buɗe hanyoyin da suka toshe, kuma a 2006 jihohin da kogin ya shafa suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi.

Amma a duba yadda ake raba aikin da yadda ake raba amfaninsa. Yawanci kowane gida mutum ɗaya zai bayar. Gidan da ke da rabin eka ya turo ɗansa, gidan da ke da eka ashirin da injin ban ruwa uku shi ma ya turo mutum ɗaya, wani lokaci ma yaron gida. Wanda ya sayi fadama yana zaune a Kano ko Dutse ba ya turo kowa. Idan ruwa ya biyo hanyar da aka buɗe, ya shayar da eka ashirin kamar yadda ya shayar da rabin eka. An yi adalci wajen raba wahala, an bar rabon riba yadda aka same shi. Ta haka gumin talaka ke ƙara wa mai shi, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Masunta da mata

A wajen masunta ma akwai lokacin da kowa ɗaya ne. Idan ruwa ya malale, kowa na iya jefa ƙugiya ko koma inda ya ga dama. Idan ya janye ya bar tafkuna, sai ikon bulama da sarkin ruwa ya dawo: su ke hana taɓa tafki har kifi ya girma, su ke sa ranar su, kuma suna da kasonsu a cikin abin da aka kama. Ranar su, ɗaruruwan mutane ke faɗawa ruwa lokaci ɗaya, kowa da gorarsa da homarsa, kowa da sa'arsa. Hanin da aka yi shi ya tara kifin, kuma ana bin hanin ne domin kowa ya san za a buɗe wa kowa a rana ɗaya.

Abin da ya girgiza wannan tsari shi ne dumba, wato jera tarkunan kifi a datse hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Mai kuɗin sayen tarkuna masu yawa da biyan kuɗin wuri shi ke kama kifin da zai wuce zuwa ga kowa. Haka mai bai wa masunci bashin taru da kwale-kwale shi ke yanka farashin kifin da za a kamo. Masunta na iya zama daidai a cikin ruwa, amma a bakin gaɓa dillali ke jiransu.

Mata kuwa adashi ne bankinsu. Matan unguwa goma ko ashirin su zaɓi uwar adashi, mace mai amana wadda ba ta da yawan magana. Kowace ta zuba abin da aka yanka, ran kasuwa ko ran Juma'a, yara ke kai zubi gida-gida. Wadda haihuwa ko bikin 'ya ko rashin lafiya ya taso mata, sai ta roƙi a sauya mata ɗauka: Yaya, ki bar mini wannan karon, na bar miki nawa. Da kwasar adashi mace ke sayen tukunyar turara shinkafa, ko tunkiyar kiwo, ko buhun shanshera ta ajiye. Matar hakimi da matar ɗan ƙwadago, in suna adashi ɗaya, zubinsu ɗaya ne, kwasarsu ɗaya. Sai dai adashi ba ya haifar da kuɗi, abin da aka zuba shi ake kwasa. Wadda ba ta da abin zubi ba ta shiga. Kuma macen da ke riƙe da lissafin mutum ashirin ba tare da kuskuren ko sisi ba, da wuya a kira ta zaman da ake yanke shawarar rabon ruwa ko rabon taki.

Wanda ke bayan shinge

Kowace haɗaka tana da iyaka, kuma wanda ke bayan iyakar shi ke ɗanɗana ƙarfinta. A fadamar Haɗeja wannan mutum shi ne makiyayi. Fulani na da nasu tsarin taimakon juna: wanda annoba ko fari ya cinye masa garke, ɗan'uwa kan ba shi aron saniya ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma. Amma da injin ban ruwa ya yawaita tun daga shekarun 1980, fadamar da shanu ke kiwo da rani ta koma gonar alkama da tattasai, burtali ya ƙuntata, mashaya ta toshe. Guri da Kiri Kasamma sun sha ganin rikicin da ya ci rayuka da dukiya. Manoman ƙauye na iya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a tsakaninsu, su haɗu su nome burtali. Makiyaya na iya zama daidai a rugarsu, su haɗu su afka wa gona. Daidaiton da ya tsaya a kan 'yan gida kaɗai ba ya hana zaluntar baƙo. Inda aka samu sauƙi shi ne inda aka zaunar da ɓangarorin biyu kafin kaka, aka sa ranar da za a kwashe amfani da ranar da shanu za su shigo.

Ƙungiyoyin takarda

Tun daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa, sai na biyu da na uku, gwamnati ta gane cewa ta hannun ƙungiya ake isa ga manomi. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 shi ma ta hannun ƙungiya aka riƙa shigarsa. Niyyar mai kyau ce, kuma rijiyoyi da injuna da hanyoyin da aka samu ta wannan hanya sun amfani jama'a. Amma sharaɗin shiga ya sauya ma'auni. Ana bukatar rajista, asusun banki, shugaba da sakatare da ma'aji, da kason kuɗin da ƙungiya za ta fara ajiyewa. Wa ya iya cike takarda? Wa ya san hanyar Dutse? Wa ke da kuɗin ajiyewa? Shi ne zai zama shugaba. Sau da yawa sai ka tarar da ƙungiyar da aka haifa ranar da aka ji labarin tallafi, sunayen cikinta na iyalan mutum ɗaya ne da yaransa, ta kuma mutu ranar da aka gama rabo. Samarin da suka shekara goma suna gayya tare, da matan da adashinsu bai taɓa karyewa ba, ba su da hatimi, don haka a idon ofis babu su.

Gwaji mafi girma a yau yana Auyo, a aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda aka gyara aka faɗaɗa ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon 2023. A nan an tsara cewa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su za su riƙa yashe ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su tsara wa za a buɗe wa yau, wa za a buɗe wa gobe. Wannan iko ne na gaske, irin wanda gayya ba ta taɓa samu ba. Amma magudana tana da kai tana da wutsiya. Na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya jira abin da ya rage. Ga kuma mai haya da mai noma-mu-raba, waɗanda su ke cikin laka kullum amma sunan mai gona ne a rajista. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da inji ya ninka, ƙaramin manomi ya ƙara dogara ga ba-da-kaka: ya karɓi taki da fetur yanzu, ya biya da buhunan shinkafa a farashin da mai bashi ya yanka. Mutumin da ya je da safe ya ce, Alhaji, Allah ya ƙara arziki, a taimaka mini zuwa kaka, ba zai tashi da yamma a taron ƙungiya ya ce Alhaji ya sha ruwa fiye da rabonsa ba. Ƙuri'arsu ɗaya a takarda, amma bakin ɗaya a ɗaure yake.

Abin da ke sa haɗaka ta ɗore

Wannan matsala ba ta Haɗeja kaɗai ba ce. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin yadda talakawa ke tafiyar da ruwa da daji da wuraren kamun kifi da suka mallaka tare. Ta ga cewa waɗanda suka ɗore suna da wasu halaye: an san wa ke ciki, abin da mutum ke bayarwa ya yi daidai da abin da yake ɗiba, masu bin doka su ke yin ta, hukunci na farawa da sauƙi ya ƙaru, sulhu na kusa kuma ba shi da tsada, hukuma kuma ta amince da ikonsu. A Balensiya ta ƙasar Sifen, manoma da 'yan'uwansu suka zaɓa na zama kowace Alhamis a bainar jama'a su yanke shari'ar ruwa, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana haka. Idan aka auna haɗakar fadamar Haɗeja da wannan ma'auni, tana da amana, tana da sanin juna, tana da hukunci. Abu biyu ta rasa: daidaita nauyi da riba, da kuma iko a kan ruwan da rayuwarta ta rataya a kai.

Tarihin yankin ma ya koyar da darasi. Gayya ta daɗe tana rage wa talaka nauyin haraji, don da ita yake noma abin biya, amma ba ita ta soke shi ba. Sai da talakawa suka shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, suka sha ɗauri da bulala, sannan gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan ta hau mulki a 1979, lokacin Haɗeja na cikin Jihar Kano. Taimakon juna na sa a jure wa doka mai nauyi. Sauya dokar kuwa sai an haɗa murya an kai ta inda ake yanke hukunci.

Saboda haka gyaran a bayyane yake. A aikin yashe da na jinga, a raba nauyi bisa girman gona: mai eka ashirin ya kawo mutane ko kuɗi gwargwadon ekarsa, har da wanda ke zaune a birni, amma a wajen shawara kowa murya ɗaya. A ƙungiyoyin ruwa, a ba wa mai haya da na ƙarshen magudana da mata kujera, a riƙa karanta lissafin kuɗi da jerin sunayen masu karɓar tallafi a fili, gaban jama'a. Gwamnatin Jigawa da masu ba da tallafi su nemi haɗakar da ta riga ta rayu da ƙafarta, su sauƙaƙa mata rajista, maimakon haifar da sabuwa don rabo. Hukumar kogi ta sanar da lokacin sakin ruwa daga Tiga da Challawa tun da wuri, ta zaunar da wakilan manoma da masunta da makiyaya na ƙasan kogi a teburin da ake tsara shi. Iyayenmu sarakuna kuma su tsaya a matsayin masu sulhu da shaida, su bar shugabancin ƙungiya ga masu shiga ruwa.

Mutanen fadamar Haɗeja ba sa bukatar a koya musu haɗin kai, sun gaje shi kuma suna aiki da shi kowace damina da kowane rani. Abin da suke bin gwamnati da masu hali bashi shi ne a daina ɗora musu wahala daidai ana raba riba ba daidai ba. Duk mai gona a fadama, da duk mai riƙe da makullin ruwa ko rajistar tallafi, ya sani cewa haƙƙin waɗannan bayin Allah na wuyansa, kuma lokacin sauke shi tun kafin ruwan baɗi ya iso ne.